Shawarar lauya: An ce mu zauna gida sai an neme mu, ina makomar albashinmu?

Tambaya: Barista, shekara huɗu ina tuƙa motar tono a wani kamfanin haƙar kuza a Filato. Da ruwa ya cika ramin, aka ce mu koma gida sai an neme mu. Yau wata biyu babu albashi, babu takarda. Tunda ma'adinin na gwamnati ne, ita za mu nema?

Amsa: Malam, gaskiyarka, ma'adinin na gwamnati ne. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 da sashe na 1 na Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, kamfanin lasisi kawai yake riƙe da shi. Amma wannan bai sa gwamnati ta zama ubangidanka ba. Wanda ya ɗauke ka aiki shi kake bi bashi.

Makaminka shi ne sashe na 17 na Dokar Ƙwadago. Duk ranar da ka zo da lafiyarka kuma ba a ba ka aiki ba, sai an biya ka kuɗin ranar. Kamfanin zai fake da cewa ambaliya ta fi ƙarfinsa, kuma doka ta yarda da wannan uzuri, sai dai ta yanke masa wa'adi: mako ɗaya, wanda a cikinsa kuɗin ranar farko kawai za ka samu. Bayan makon, sai in jami'in ƙwadago mai izini ya tsawaita, ko wata yarjejeniya da ƙungiyarku ta tanadi daban. Don haka ku tambaye su a rubuce: ina amincewar jami'in? In babu, albashin sauran makonnin hakkinku ne.

Inda ma'aikata ke yin sakaci shi ne zaman gida shiru. Dokar ta ce wanda ya gabatar da kansa wurin aiki ne za a biya. Ka je bakin ƙofa ka sa hannu a rajistar masu gadi, in an hana ka, ka aika wasiƙa cewa a shirye kake da aiki, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ka tara saƙonnin banki na albashin baya da katin aikinka, domin su ne shaida idan ba a taɓa ba ka takardar ɗauka ba. Kada kuma ka sa hannu a takardar "hutu ba albashi" da za a miƙo maka a gaggauce, da ita za a ce ka amince.

Idan sallama suke nufi, su fito fili. Mai shekara biyu zuwa biyar yana da sanarwar mako biyu ko kuɗinta, kuma sashe na 20 ya ce a sanar da wakilan ma'aikata, a fara da na baya-bayan shiga, a tattauna kuɗin sallama. Takardar sallama tana da wani amfani: in kana da asusun fansho kuma ba ka kai shekara 50 ba, da ita za ka ciri kashi 25 cikin 100 bayan wata huɗu ba aiki.

Ku fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Jos, a ƙungiyance, ya fi nauyi kuma ya fi araha. In sulhu ya ci tura, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita kaɗai sashe na 254C na Tsarin Mulki ya ba hurumin irin wannan ƙara. Kariyar Dokar Ƙwadago ta masu aikin ƙarfi da akawu ce. Injiniya ko manaja sai ya koma ga abin da takardar kwantiraginsa ta ce.