Batirin da ya sha rana ba a jona shi nan take

Ɗana, jiya ka tambaye ni a gaban mudir, wato manajanmu, me ya sa nake sa ku jera batiran da mota ta kwaso daga Kurnish, titin bakin tekun Jidda, ku bar su kusan awa guda kafin a sa su caji, alhali manhaja tana nuna rabin sikutocinmu, ƙananan baburan nan na lantarki da ake hawa a tsaye, sun mutu, jama'a kuma sun fara fitowa shan iska. Na yi shiru ne don ba na son ja-in-ja da shi a gabanku. Jawo kujera.

Batirin nan da aka rubuta wa bolt 36, cikinsa ƙwayoyin litiyam ne, an jera su hawa goma. Kowane hawa in ya cika yana ba da 4.2, shi ya sa mita take nuna maka 42 bayan caji. Masu ƙera irin waɗannan ƙwayoyi suna kashedin kada a yi musu caji in zafinsu ya haura digiri 45. To, tuna inda sikuta take wuni. Batirinta yana ƙarƙashin matakar ƙafa, tsakaninsa da kwalta bai kai taƙi ɗaya ba, a Jidda, a watan Yuli. Mu gwamnati ta hana a sa mu aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ita sikuta wa ya shigar da ita inuwa? Ga ta ta ɗauki ƙato ta yi ta gudu da shi, sannan caji shi ma da nasa zafin yake zuwa.

Za ka ce ai akwai BMS, allon da ke gadin batir. Akwai. Amma abin da yake jin zafi da shi a wuri ɗaya ko biyu aka manna, ƙwayoyin tsakiya kuwa su suka fi daɗewa ba su huce ba. Ɓarnar kuma ba a ranar take bayyana ba. Sai bayan watanni ka ga batirin da ke kaiwa isha'i yana mutuwa kafin magariba, a ce kaya ne marasa kyau. Mu muka dafa shi.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke hana ni barci wuta ce. A wata warsha, wato wurin gyara, da na yi aiki a Riyad, wani yaro mai hanzari irinka ya jona batirin da ya bugu da dakalin titi, bai juya shi ya duba ba. Muna shan shayi muka ji ƙara kamar ana soya mai, sai farin hayaƙi. Muka kashe, ta sake tashi, muka kashe, ta sake tashi. Haka wutar litiyam take. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma har yau in na ji wannan warin sai gabana ya faɗi.

Saboda haka awar nan ba ta zama ba ce. Ɗauki kowanne ka juya shi. Ka duba kumburi, lotsewa ko tsagewa, ka sansana ko akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na tina, ruwan tsinka fenti. Leƙa bakin soket: iskar tekun nan gishiri gare ta, in ka ga kore-kore to ruwa ya shiga. Duk wanda ka samu da ɗaya daga cikin waɗannan, kai shi durom ɗin yashi a waje, ka ɗaura masa jan ƙyalle, ka kira ni. Sauran a bar su a inuwa, fanka tana kaɗa su. Kada na ƙara ganin wani ya yayyafa musu ruwa wai don su yi saurin hucewa. Kafin ka jona, haska musu bindigar awon zafi. In tana hannun wani, ɗora bayan hannunka, in ka ji ɗumin da ya fi na jikinka, bar shi tukuna.

Shi mudir ina da maganinsa. Gobe in Allah ya kai mu ka zo kafin azahar, ka cika batiran da suka kwana a warsha, ka loda su a mota. Direba ya tafi da su, ya dawo mana da masu zafin. Kuma ka zo da alli, za ka riƙa rubuta lokacin isowar kowanne a jikinsa.