Warin aladu a ƙofar gida, da takardar gargaɗi kan hatsin tsuntsaye

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto daga gundumar Duplin, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. Yana aiki a kamfanin kaji, yana da girin kad, wato izinin zama na dindindin a Amurka, yana sa ran neman takardar zama ɗan ƙasa baɗi. Gidan hayar da suke ciki yana kusa da gonar aladu, ya ce in iska ta juyo ko taga ba a iya buɗewa, yara ba sa wasa a waje, wankin da aka shanya sai an sake shi. Ana cikin haka mai gidan ya aiko da takardar gargaɗi, wai uwargidansa tana watsa wa tsuntsaye hatsi da ragowar tuwo a bayan gida, abin da ta saba tun a garinsu da niyyar sadaka. Ga abin da ya fi ƙona masa rai: "Dubban aladu suna hana mu numfashi ba wanda ya ce uffan, tafin hatsi ɗaya ya zama laifi." Yana tambaya ko ya kai ƙara, ko ƙarar za ta taɓa takardunsa, da kuma ko ya karɓi tayin mai gidan na sayar masa da gidan da araha, ya juya kuɗin ginin da ƙanensa ke duba masa a gida.

Malam, Allah ya kawo sauƙi. Haushinka yana da dalili, amma ka raba maganganun nan biyu, don ba ƙofa ɗaya ake bi ba. Kuma abin da ka raina, wato takardar hatsin, shi ne zai iya yi maka illa da wuri.

Bari mu fara da warin, tunda shi ke hana barci. Inda ka sauka cibiyar kiwon aladu ce. Jihar tana da aladu wajen miliyan takwas, kuma gundumarku da maƙwabciyarta Sampson su ne kan gaba, aladun da ke cikinsu sun ninka mutane sau da yawa. Yadda ake yi shi ne, ana wanke kashi da fitsarin dabbobin daga ƙarƙashin rumfunansu zuwa wani makeken kududdufi buɗaɗɗe, in ya taru a riƙa fesa ruwan a gonakin ciyawa a matsayin taki. Warin da ke shigo muku yawanci daga wurare uku yake, kududdufin, fankokin da ke fitar da iskar rumfa, da ranar feshi. Ranar feshin ce ke ɓata wanki. Sau da yawa kuma manomin da kake gani ba shi ke da aladun ba, kiwon kwangila yake yi wa babban kamfani.

Jihar ta daɗe da sanin matsalar. A 1995 wani kududdufi ya fashe a gundumar Onslow, galan miliyan 25 na ƙazanta ya kwarara zuwa kogin New. A shekarar aka yi dokar tazara: sabuwar rumfar aladu ko kududdufi sai ta nisanci gidan da mutane ke ciki da ƙafa 1,500, makaranta ko asibiti ko coci kuma da ƙafa 2,500. A 1997 aka dakatar da gina sababbin manyan gonaki, a 2007 aka haramta sabon tsarin kududdufi da feshi gaba ɗaya. Sai dai duk wannan ya bar tsofaffin gonaki a inda suke, kuma da wuya wadda ke kusa da kai ba ta cikinsu.

Maganar kotu fa? Ka zo ne bayan an ci kasuwa. A 2018 maƙwabtan gonaki, mafi yawansu baƙaƙen fata da suka gaji filayensu, sun yi nasara a kotun tarayya a kan Murphy-Brown, reshen kamfanin Smithfield. A shari'ar farko masu ƙara goma aka yanke wa diyyar horo ta dala miliyan 50, a wata kuma jimillar ta haura miliyan 470, kodayake dokar jihar ta zaftare kuɗin ƙwarai. Kamfanin ya sasanta a ƙarshen 2020. Amma tun ana tsaka da shari'o'in majalisar jihar ta tsuke ƙofar. Dokar 2017 ta ce diyyar irin wannan ƙara ba za ta wuce faɗuwar darajar gidan ko ta kuɗin hayarsa ba. Ta 2018 ta ƙara da cewa sai wanda ke cikin rabin mil daga gonar, kuma sai ya shigar da ƙara cikin shekara ɗaya da kafa ta ko yi mata babban sauyi. Gwamnan jihar na lokacin, Roy Cooper, ya ƙi sa hannu a duka biyun, 'yan majalisa suka tsallake shi da rinjaye. To gonar da ta girmi auren ka, ina za ka samo shekara ɗayan? Ba na hana ka ganin lauya, musamman in ruwan feshi yana sauka a cikin farfajiyarka, don wannan wata magana ce daban da wari. Amma kada ka zuba kuɗi kana jiran miliyoyi.

Abin da ya rage a hannunka shi ne ƙorafi ga hukumar muhalli ta jihar, sashen ingancin iska, kuma ofishinsu na Wilmington ne ke duba Duplin. Jihar tana da ƙa'idojin rage wari a gonakin dabbobi, izinin gonar kuma bai yarda a yi feshi ana ruwan sama ba, ko lokacin da iska za ta kwashi ruwan ta tsallaka da shi iyakar gonar. Matsalar ita ce kafin jami'i ya iso, iska ta juya. Saboda haka ka sayi ɗan littafi. Duk ranar da abin ya taso ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, daga ina iska take, tsawon lokacin da ya ɗauka, ko wani ya yi tari ko ciwon kai. Ka ɗauki hoto daga cikin harabarka ko daga titin gwamnati. Kada ka kuskura ka taka gonar mutum, ko da taku ɗaya ne, don a nan ne mai ƙorafi ke komawa wanda ake tuhuma. Ka kuma tambayi tsofaffin unguwar, sun riga ka shaƙar wannan iskar da shekaru, kuma sun san wanda ke ɗaga waya.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya fi warin damuna: daga ina ruwanku yake? In rijiyar burtsatse ce ta gidan ba famfon gari ba, ka je ofishin lafiya na gunduma a gwada ta. Sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga taki ba shi da wari ko ɗanɗano, iyakar da aka yarda da ita miligiram 10 ce a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara masa kauri ma yake yi. In akwai mai shan madarar gwangwani a gidan, a dama da ruwan gora har sakamako ya fito. Wanki kuwa, ranar feshi a shanya a ɗaki. Batun tsarkin tufafin da yayyafin ya taɓa, wannan na malamin masallacinku ne.

Yanzu hatsin Hajiya. Ka gaya mata niyyarta mai kyau ce, ba wanda ke ja da ladan ciyar da mai rai. Sai dai a garinsu abin da ta watsa da safe kaji da kurciyoyi sun tsince kafin hantsi. A inda kuke, abin da ya kwana a ƙasa na ɓeraye ne, da dila, da wata dabba mai zoben baƙi a ido da suke kira rakun, wadda ita ce kan gaba wajen ɗaukar cutar haukan kare a jihar. Gabashin jihar kuma yana da baƙaƙen beya, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, kuma beyar da ta saba samun abinci a bayan gida yawanci harbi ne ƙarshenta. Akwai ma kadoji a fadamun wajen teku, ciyar da su laifi ne a dokar jihar. Ba Amurka kaɗai ba ce, 'yan'uwanmu na Landan sun san tun 2003 aka hana ciyar da tattabaru a dandalin Trafalgar.

Kai kuma akwai abin da ya shafe ka kai tsaye. Tun 2022 murar tsuntsaye ke yawo a Amurka, tsuntsayen daji ne ke ɗauke da ita, musamman agwagi da dinya. Kamfanonin kaji da yawa suna hana ma'aikatansu ajiye tsuntsaye a gida ko cuɗanya da na daji. Ka duba takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka aiki. Kuma tunda mun san halinmu in mun ga dinya mai ƙiba tana yawo ba mai ita: dokar tarayya ta 1918 tana kare ta, kada wuƙa ta kusance ta.

Ka ɗauko yarjejeniyar hayar ka karanta. In ta hana ciyar da dabbobi ko barin shara a fili, mai gidan yana da hujja. Ba zai iya fitar da ku da hannunsa ba sai ya bi ta kotu, amma sunanka a rajistar ƙarar korar ɗan haya zai bi ka duk inda ka je neman wani gida, alhali wani gidan kake buƙata. Ka amsa masa a rubuce, layi biyu, cewa an daina, ka ajiye kwafi. In Hajiya tana son ci gaba da sadakarta, ku nemi izininsa a rataya ɗan akwatin hatsi mai murfi a sama a riƙa share ƙarƙashinsa, in wurin aikinka bai hana ba. Ko ta yi shuka, tunda ya zo a hadisi cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar musulmi sadaka ne. Ko ta aika kuɗin hatsin gida a saya wa masu buƙata.

Game da takardunka, hankalinka ya kwanta. Kai ƙorafi ga hukumar muhalli ba laifi ba ne, kuma mai girin kad yana da ikon yin sa. Takardar mai gida ma ba tuhumar gwamnati ba ce. Abin lura shi ne tikiti daga jami'in gunduma ko ɗan sanda. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko an taɓa kama ka ko an rubuta maka takardar laifi. Ƙaramar tara da aka biya ba ta cika hana mutum ba, ɓoye ta ne ke jawo masifa. In aka ba ka tikiti, kafin ka biya ka nuna wa lauyan shige da fice, don biya tamkar amsa laifi ne, sannan ka adana rasit.

Sayen gidan kuwa, a'a. Arahar da ya yi maka ita ce farashin warin, kuma ranar da ka tashi sayarwa kai ma sai ka yi wa wani irin wannan arahar. Ɗan haya yana da abin da tsofaffin unguwar ba su da shi, yana iya tattara kayansa in wa'adi ya cika. Ka fara neman gida tun saura wata uku, ka je ka gan shi da yamma a rana mai zafi, ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a waya ka duba kewayensa: dogayen rumfuna a jere da tafki mai launin ja-ja a gefe, gonar aladu ce. Kuɗin ginin gida ka bar shi a inda yake. In kuɗin ƙaura ya matse ka, ka kira ƙanenka ka ce a dakata da rufi wata biyu ko uku, ka faɗa masa ainihin dalili, kada ya ji daga bakin wani ya ɗauka ka fasa ginin.