Tambaya da Amsa: Addinin Buddha da Adabin Ƙasar Sin

Tambaya: Malam, na san addinin Buddha a Indiya ya samo asali, amma ina yawan ganin ana ambatonsa idan ana zancen adabin Sin. Wane tasiri ya yi a kan rubuce-rubucensu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, addinin ya shiga Sin ne a ƙarni na 1 miladiyya, zamanin daular Han, ta hanyoyin fatake na tsakiyar Asiya, kuma aikin da ya fara jawowa shi ne fassara. Kumarajiva, wani malamin addinin Buddha da ya isa birnin Chang'an na ƙasar Sin a 401, ya jagoranci mayar da littattafan addinin daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, zuwa Sinanci, sannan Xuanzang, wani malamin addinin ɗan Sin, ya je Indiya da kansa, ya dawo a 645 ɗauke da littattafai 657. Mawaƙan daular Tang irin su Wang Wei sun sha daga wannan koyarwa ƙwarai.

Sai dai a ganina, tasirin da ya fi daɗewa ta bakin masu wa'azi ya biyo. Talakawa ba su iya karanta waɗannan fassarori ba, don haka malaman addinin suka riƙa ba su labarai, suna gauraya zube da waƙa, wani lokaci har da nuna zane. An gano rubutattun irin waɗannan labarai, da ake kira bianwen, a wani kogo da ke Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, a 1900, kuma wannan salo na katse labari da baitoci ya zauna daram a ƙagaggun labaran Sin da suka biyo baya.

Sinawa ma sun lanƙwasa addinin zuwa ga al'adarsu. Mabiya Konfushiyas, tsohon masanin falsafa na Sin, sun daɗe suna zargin malaman Buddha da barin iyaye da ƙin aure, sai ga labarin Mulian, almajirin Buddha da ya sauka gidan azaba don ceto mahaifiyarsa, ya zama amsa ga wannan zargi, har aka yi ta mayar da shi wasan kwaikwayo.

Tafiyar Xuanzang kuwa, bayan ta daɗe tana yawo a bakin masu ba da labari, ita ce ta zama littafin Xiyouji, wato Tafiya Zuwa Yamma, wanda aka buga a 1592 kuma ake danganta shi da Wu Cheng'en. A cikinsa biri Sun Wukong, mai rakiyar malamin, ya fi malamin kansa farin jini wajen masu karatu.