Tambayi Likita: Masu Son Rabuwa Da Tsohon Hali A Sabuwar Shekara

Wasiƙun wannan makon kusan duk na masu niyyar barin wani hali ne da shigowar sabuwar shekara. Na zaɓi uku.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano. Shekara uku ke nan sai na haɗiyi tiramol nake iya fita aiki. Na yi niyyar ranar 1 ga Janairu in watsar da shi gaba ɗaya. Ko akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Allah Ya cika maka niyya, amma kada ka yanke shi rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Tiramol dangin kodin ne, kuma jikin da ya saba da shi zai yi bore: gumi, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da fargaba marar dalili. Wasu har gane-gane suke yi. Kwanakin farko sun fi zafi, a nan ne mutum ke cewa bari ya sha ɗaya ya samu sa'ida, shi ke nan an koma 'yar gidan jiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne komawar. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. In ya afa irin na da, yana iya faɗuwa da farfaɗiya ko numfashinsa ya tsaya. Ka tuna ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100, amma wadda ake sayarwa a bayan fage tana kai 225.

Ka je ɓangaren masu lura da ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Za a riƙa rage maka a hankali cikin makonni, a ba ka abin da zai sassauta wahalar. Ka faɗi gaskiyar ƙwaya nawa kake sha a rana. Likita ba ɗan sanda ba ne.

Tambaya: Likita, shekarata 20 ina shan taba. Kowace shekara sai na bari, kafin mako biyu na koma. In koma shisha ne? (Magidanci, Zariya)

Amsa: Malam, shisha ma taba ce, an dai sa mata ƙamshi, ga hayaƙin gawayi a kai. Kai kam, saɓanin mai tiramol, sa rana ka yanke gaba ɗaya. Makon farko ne mai wuya, kuma kwaɗayin in ya taso mintuna kaɗan yake yi ya lafa. Ka lura da lokacinsa, galibi bayan cin abinci ne ko a majalisa. In ka gama cin abinci, tashi ka yi asuwaki. Majalisar da ake busa hayaƙi kuwa, ka ƙaurace mata na wata guda, ko da za a yi maka tsiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara ɗaya da bari, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Kuma wanda ke iya haƙuri daga alfijir zuwa magariba a watan azumi ya riga ya san zai iya.

Tambaya: Ina son rage ƙiba. An ce in na daure kwana 21 sabon hali zai zauna, an kuma ba ni shayin rage tumbi. (Uwargida, Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ajiye shayin nan. Da yawansu maganin zawo ne, ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan. Maganar kwana 21 ma ba ta da tushe. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya samu matsakaicin kwana 66, wasu sun haura 200. Fara da barin lemon kwalba: a kwalba guda akwai sukari kusan ƙaramin cokali tara. Sai tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne bayan asuba. Kafin ki fara, a auna miki hawan jini da sukari.