Kilo 45 ɗin da ke jikin kwali

Kai yaro, na ga saƙonka tun jiya da la'asar. Da gangan na ƙi amsawa, don da na amsa a lokacin, baƙar magana za ka sha. Wai bakaniken da ya ba mu aikin akwatin kayan aiki ya zo ba na nan, yana tambaya kilo nawa kowace durowa za ta ɗauka, kai kuma ka duba kwalin ƙarafan gefen da muka sayo ka ga an rubuta kilo 45, shi ne kake tambaya ko ka faɗa masa haka. Allah ya taimake ka da ka tambaya kafin ka buɗe baki. Da ka faɗa, da ka ɗaura mana igiya a wuya, irin wadda aka taɓa ɗaura min, har yau wurin bai daina zafi ba.

Lambar nan ba ta durowa ba ce. Ta ƙarafan nan biyu ce masu 'ya'yan boris da durowar take gudu a kansu, waɗanda nake ce wa titi. Masu ƙera su laba 100 suke nufi a awon Amurkawa, in ka juya zuwa namu ya zama kilo 45 da ɗan ɗoriya, ko buhun siminti bai kai ba, tunda shi 50 ne. Kuma na guda biyun ne a haɗe. Na taɓa jin wani mai walda, da gemunsa, yana ninkawa yana cewa 90. Sannan awon an yi shi ne titi yana tsaye a gefe, an ɗaure shi da duka kusoshinsa, kaya a baje daidai daga gaba har baya. Nuna min garejin da ake baje kaya daidai. Bakanike a bakin durowa zai jefa guduma, inda hannunsa ya fi kusa, ya banka ta da gwiwa ya wuce. In kuwa ka kwantar da titin a ƙarƙashin durowa, yadda wasu kafintoci suke yi don ya ɓuya, ƙarfin da ya rage masa bai fi kwata ba.

Ko titin ya ɗauka, gindin durowar fa? Ku yaran yanzu kuna ganin fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 da mai 1.2 kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai. Bambancin a ido ƙanƙane ne, amma wajen ƙin lanƙwasa mai 1.2 ya ninka ɗaya sau uku har da ɗori. Falle guda mai ƙafa 4 da 8, in 1.2 ne na gaskiya zai yi kilo 28 a sikeli, in 0.8 ne da kyar ya kai 19. Shi ya sa kake gani ina ɗaga falle da hannu a kasuwa kafin in biya, kana tsaye kana latsa waya kana tsammanin tsufa ne. Yadda ake awo da yanka da naɗe baki ba zan tsaya a kansu ba. Wanda ya shekara uku a shagona bai iya wannan ba, gara ya koma sayar da katin waya.

Abin da ya hana ni barci jiya wani Alhaji ne mai babban gareji, ba zan kama sunansa ba, yana raye, kuma 'ya'yansa suna gaishe ni. Shekarun baya ya zo min da hoton wani akwatin Snap-on da ya yanko a wata mujalla, ja wur, ya ce irinsa yake so, durowa bakwai, a kan taya. Na ce an gama. Na yi masa lissafin falle 1.2, firam na ƙarfen angul, durowoyin ƙasa biyu kowace da titi bibbiyu a gefe, gindi mai faɗi. Ya ga kuɗin ya riƙe baki. Ya ce shi ba banki zai buɗe ba. Ya ce a rage kaurin falle, a bar titi ɗai-ɗai. Abin da ya fi muni, ya ce a tsuke akwatin daga gaba zuwa baya, a ƙara masa tsayi, don yana so ya shiga tsakanin wani ginshiƙi da ramin da ake duba ƙasan mota. Na ce Alhaji, dogo marar gindi faɗuwa yake yi, in dai haka kake so to a cire taya a ɗaure shi da bango. Ya ce taya ita ce adon, kuma me za a zuba a ciki ban da sifana da sukudireba da filaya? Har da rantsuwa.

A lokacin matata tana da tsohon ciki, kuɗin haya ya taso, aiki kuma ya yi ƙasa. Ya ƙirgo rabin kuɗi kafin alƙalami ya ajiye a kan bencina. Na kalli kuɗin na ɗauka. Wannan kuskurena na farko ke nan, kuma na yafe wa kaina shi, yunwa ce. Na biyun ne ban yafe ba. Ranar da muka kai akwatin, fenti yana ƙyalli, yaransa sun kewaye shi suna ja suna turawa suna jin yadda yake tafiya sumul, sai Alhaji ya ce, "Malam, kilo nawa kowace take ɗauka?" Ni kuma kaina ya kumbura, na ce 45, a gaban mutum ya fi goma. Lambar kwali na karanto masa, daidai abin da kai ma ka so yi jiya. Ya ce cikon kuɗi sai ƙarshen wata. Ban rubuta komai ba, ban sa shi ya sa hannu a komai ba, wai ina jin kunyar babban mutum.

Sati uku ba su cika ba aka aiko yaro a guje. Na hau babur na je. Tun daga bakin ƙofa na ga mutane sun yi cincirindo. Akwatina yana kife a kan hancin wata Marsandi ta wani babban ma'aikaci da aka kawo gyaran birki. Fitila ɗaya ta tarwatse, bonet ya lotsa, ruwan lagireto yana bin ƙasa yana gangarawa rami. Noti da washa sun watsu ko'ina cikin baƙin mai, wani ƙaramin yaro yana tsugune yana tsince su a gwangwanin madara. Wanda ya buɗe durowoyin yana zaune a gefe an ɗaure masa babban yatsan ƙafa da tsumma, farcen ya fita. Da ya ƙara taku ɗaya gaba, da wani labarin ake yi.

Na durƙusa na duba aikina, don abin da ya kawo ni ke nan. Walda ko ɗaya ba ta saki ba. Titi bai karye ba, ya dai murɗe wajen faɗuwa. Na duba abin da ya zubo: karanshaf guda, wato ƙarfen nan mai nauyi na cikin injin mota, a durowa ta biyu daga sama, an cusa shi a karkace, gwangwanaye cike da noti a ta farko, jak a ta uku, batir biyu da aka ɗora a saman akwatin. Durowoyin ƙasa da na yi wa zurfi don kaya masu nauyi, ka san abin da ke ciki? Tsummokara da takalmin wani da kwanon abinci. Saboda lalaci, ba mai son sunkuyawa. Yaron yana neman sifana mai lamba 10, wadda kullum ita ce take ɓata, ya ja ta farko bai rufe ba, ya ja ta biyu, ya ja ta uku. Nauyi gaba ɗaya ya fito gaban tayoyin gaba, daɓen kuma dama ya ɗan gangara wajen rami. Ko jaki ka yi wa lodi haka a wuya, kifewa zai yi.

Na yi wa Alhaji wannan bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a kawo sikeli. A nan na san na haɗu da wanda ya fi ni wayo. Aka auna duk abin da ya zubo, har da batiran. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce kowace durowa 45. Bakwai sau 45 nawa ke nan?" Wani ya ce 315. Kayan kuwa gaba ɗaya ba su kai nan ba, ko kusa. Ya juya ga jama'a ya ce, to ku gani, ban ma cika shi ba ya faɗi. Maganar sifana da sukudireba da ya rantse a kai, ya ce bai tuna ba. Maganar a ɗaure da bango, ya ce ban taɓa faɗa ba. Shaidunsa goma, yaransa ne duka. Ni shaidata Allah.

Aka kai magana gaban dattawan ƙungiya. Mutanen kirki ne, amma sulhu suka sani, ba su san inda nauyi yake zama ba. Na ɗauko kujera na ɗora dutse a bakinta ina nuna musu yadda abu yake rinjaya, ɗaya daga cikinsu yana gyangyaɗi. Hukunci: cikon kuɗina ya tafi, kuma in biya rabin kuɗin fitila da gyaran bonet. Fitilar Marsandi, ba ta Pijo 504 ba da za ka samu a kowane lungu. Babur ɗin da na hau na je, shi na sayar. Ranar sunan ɗiyata da ƙafa na je kasuwa, ragon ma bashi na ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin da ya fi ci min rai bai zo ba sai bayan wata biyu. Na bi ta ƙofar garejin, na leƙa. Ga akwatina a tsaye. Ya sa wani ya miƙe shi, an cire tayoyin, an ɗaure shi da bango da ƙarfen angul, karanshaf yana ƙasa. Duk abin da na faɗa masa tun farko, wanda ya ce ban faɗa ba. Bara ma na wuce na gan shi, fentin ya koɗe amma durowoyin suna aiki. Rabin kuɗi ya biya, yana cin moriyarsa har yau, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo min hannu yana murmushi yana cewa "Injiniya!"

To ga abin da za ka yi, kuma kada ka ƙara ko ka rage. Kafin ka ce wa bakaniken nan namu komai, ka gwada. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce da ɗan nauyin robar. Ba ta shiga ƙananan durowoyi, don haka ka auna yashi a ƙananan buhuna. Ka loda, ka ja durowar har ƙarshe, ka bar ta a buɗe ka je ka yi sallah ka dawo. Ka sa ido ta ƙasa: in gindin ya yi ciki, ko ka ga fenti ya goge a bakin ta ƙasa da ita, tana taɓawa ke nan, sai a ƙara mata ƙarfe a tsakiya. Ka tura ta da yatsa biyu. In sai ka sa kafaɗa, ko ka ji tana ƙas-ƙas, titin ba ya kan layi ɗaya da ɗan'uwansa, kuma wannan aikinka ne, ni na san hannuna. Faffaɗar durowar nan ta ƙasa ka ja ta daga kusurwa ɗaya ka gani ko tana karkacewa, don faffaɗa ita ce take fara cin titi. Sannan ka loda na sama biyu, ka buɗe su tare, kana tsaye a gefe, wani yana riƙe da bayan akwatin. In tayoyin baya suka nuna alamar ɗagawa, ba zai bar shagon nan ba sai na dawo.

In duk ya wuce lafiya, ka ce masa 30 a manyan, na sama kuma sifana da ƙananan kaya kawai. In ya ce ai kwali ya ce 45, ka ce ya je ya zuba kayansa a kwalin. Ka gaya masa kada ya cika wa titin giris, don ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar yashi a cikin boris; ya riƙa gogewa da tsumma yana ɗiga mai kaɗan. Ka ɗauko rasit ka rubuta da hannunka: nauyin kowace durowa, kaya masu nauyi a ƙasa, durowa ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, ba a ɗora batir a sama, a taka birkin taya kafin a buɗe. Ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Na san za ka ce ai kana iya ɗaukar muryarsa a waya. Wayar da kake canjawa duk bayan sallah, wadda rabin gilashinta a fashe yake? Takarda nake so, a cikin durowar tebur ɗina.

Ciko kuma a biya shi kafin akwati ya hau mota, ko da limamin unguwarsu ya zo da shi. In ya ƙi sa hannu, ka ce ya jira ni ranar Asabar. Kuma sifanata mai lamba 10 da ka ɗauka ranar Talata, in same ta a inda take.