Abin da ya ɓata mana rai a ƙarshen Mass Effect 3

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa aka yi ta ƙorafi kan ƙarshen wasan bidiyo na Mass Effect 3, alhali kai ka kammala shi a Legendary Edition, sabon bugun da ya haɗa wasannin uku, ba ka ga aibu ba. Wanda ka buga gyararre ne. Ni na asalin na buga, a watan Maris na 2012, da Shepard, jarumin wasan, wanda na ɗauko tun daga wasa na farko.

Mutuwar Shepard ba ta dame ni ba, dama na sa ran haka. Yadda aka tafiyar da mintunan ƙarshe ne ya tsaya min a rai. Kana tsakiyar gumurzu a Landan, hasken Harbinger, jagoran Reapers (manyan na'urorin da suka zo hallaka al'ummomi), ya same ka, Shepard ya tashi yana ɗingishi da ƙaramar bindiga a hannu. Wannan saibin na yarda da shi. Zaman da ya yi da Anderson, tsohon kwamandansa, a tashar sararin samaniya ta Citadel, su biyu jina-jina suna kallon duniya, sai da ya sa ni ƙwalla.

Daga nan aka ɗaga ka sama, ga wani yaro na haske, Catalyst, wanda ba ka taɓa zance da shi ba. Cikin 'yan jimloli ya zayyana hujjar Reapers: suna share al'ummomin da suka ci gaba don kada na'urori masu tunani su ƙarar da masu rai gaba ɗaya. Ni kuwa ban daɗe da sulhunta Geth, na'urori masu tunani, da Quarian da suka ƙera su, a duniyar Rannoch ba! Na duba inda zan kawo masa wannan hujjar, babu. Shepard da ya ja da Saren, mugun wasa na farko, ya ja da Majalisar da ke mulkin al'ummomin, ya tsaya yana saurare kamar bakinsa a ɗinke. Wasan da aka gina kan zaɓen abin da za ka faɗa, a daidai inda magana ta fi nauyi aka karɓe maka baki. Ka tuna rabuwa da Mordin, abokinka masanin kimiyya, a duniyar Tuchanka: an ba ka lokaci, kuma abin da ka aikata a baya ya shigo cikin zancen.

Sai zaɓi uku, ja (hallaka Reapers), shuɗi (juya akalarsu) ko kore (haɗe masu rai da na'urori), bidiyon kusan iri ɗaya. Joker, matuƙin jirginka, na gudu da jirgin Normandy ba bayani, abokan da ka bari a Landan kuma sai ga su suna fitowa daga jirgin a wata duniyar.

A watan Yuni na 2012 BioWare, wadda ta ƙirƙiri wasan, ta fitar da Extended Cut, ƙarin da ya faɗaɗa ƙarshen, kyauta. An ƙara tambayoyin da za ka yi wa Catalyst, an nuna yadda aka kwashe abokanka, an kawo makomar kowace al'umma, har da damar ƙin zaɓin gaba ɗaya. Ya toshe ramuka da yawa, ko da yake har yanzu yaron ne ke jan zancen. Nemi bidiyon ƙarshen na asali a YouTube ka kalla, sai ka zo mu yi magana.