Fitilar Mota Mai Ɗaukewa Tana Dawowa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Motata ta haura shekara 20 da ƙerawa. A 'yan watannin nan, idan na shiga gargada ko na faɗa rami da dare, sai fitilun gaba su ɗauke, can su dawo da kansu. Wani lokaci kuma dushewa suke yi, fitilun dashbod ma su dushe tare da su, amma inji ba ya mutuwa. Na canza ƙwan fitila duka biyu, na sayi sabon batir, abin bai daina ba. Duk ranar da na kai ta wurin mai wayarin lafiya lau take aiki, shi kuma ya ce in sayo altaneta. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da maganar altaneta tukuna, domin abin da ka bayyana bai yi kama da laifinta ba. Idan altaneta ta daina caji mota tana tafiya, batir ne ke ɗaukar nauyin fitilu, ƙarfin wutar ya sauko daga wajen bolt 14 zuwa 12 da ɗoriya. Haske zai ragu, amma ba zai ɗauke ɗif ba, balle ga sabon batir a ciki. Wutar da ke yankewa sa'ad da mota ta girgiza, ta dawo sa'ad da ta daidaita, kusan kullum tana nuni ne da mahaɗar da ta saki ko ta yi tsatsa, kuma irin wannan mahaɗa ba ta nuna halinta a gareji inda mota ke tsaye cik.

Kafin a taɓa sifana, sai a lura da abin da ke ɗaukewa tare da fitilar, domin shi ke nuna inda za a nema. Idan fitila ɗaya ce kawai, matsalar tana kusa da ita: ƙwan, soket ɗin da ke bayansa, fiyus ɗin wannan ɓangaren, ko wayar da ke ɗaure ta a jikin mota. Idan duka biyun ne amma dashbod da rediyo suna nan daram, sai a koma kan rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, da kuma makunnin da ke gefen sitiyari. Kai kuwa ka ce har dashbod yana dushewa, wato laifin yana wurin da dukkansu suka yi tarayya, kuma irin waɗannan wurare ba su da yawa.

Wanda na fi zargi shi ne wayar jiki. Kowace wuta da ta fita daga batir ko altaneta dole ta komo, kuma masu ƙera mota ba sa ja wa kowace fitila doguwar wayar komawa. Ƙarfen jikin motar ne hanyar, sannan wata kakkaurar waya ta haɗa jikin da kan batir mai alamar ragi, wata kuma ta haɗa inji da jikin. Bayan shekara 20 na zafi da danshi da girgiza, notin da ke riƙe da wannan waya yakan saki, ko tsatsa ta shiga tsakaninsa da ƙarfe. A motoci da yawa inji yana da tasa wayar daban, shi ya sa zai ci gaba da aiki alhali fitilu da dashbod, waɗanda suka dogara da jikin mota, suna faɗuwa suna tashi. Sabon batirin da ka saya bai taɓa wannan waje ba, tun da tsofaffin wayoyin aka mayar masa.

Gwajin farko ba ya bukatar sayen komai. Da magariba ka fuskantar da motar ga bango, ka tada inji, ka kunna fitilu, ka sa wani ya zuba wa hasken ido. Sai ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana girgiza su da hannu: kawunan batir biyu, wayar jiki, kakkaurar wayar da ke shiga akwatin fiyus, soket ɗin bayan fitilu. Ka ƙwanƙwasa rile da ƙotar sukuddireba, ka motsa makunnin fitila a hankali ba tare da ka kashe shi ba. Duk inda ka taɓa hasken ya kyafta, nan ne. Ka yi hattara da fanka da fambel, domin fankar wasu motoci tana tashi da kanta ba tare da gargaɗi ba. Idan kana da wayar da ake haɗa batir da batir, ka maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin mota. In hasken ya ƙaru nan take, ka kama mai laifin.

Idan kuwa kana son kashe kuɗi a kan wani abu, ƙaramar mitar auna wuta ita ce ta cancanta, kuma mai sauƙin kuɗi ma ta isa wannan aiki. Sai dai akwai kuskuren da hatta masu sana'ar kan yi da ita, wato su zare soket, su auna, su ga bolt 12, su ce wuta tana zuwa. Mita kusan ba ta jan komai, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, za ta nuna 12 cif. Fitilu biyu masu wat 55 kuwa suna jan kusan amfiya 10, kuma a ƙarƙashin wannan nauyi ne mahaɗa mai rauni ke gazawa. Don haka a yi awon fitilu suna kunne, soket yana wurinsa. A ɗora tsinke ɗaya a kan dalmar batir mai alamar ragi, ɗayan a ƙarfen jikin mota: abin da mita za ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma bai kamata ya wuce bolt 0.2 ba. Sannan a auna daga kan batir mai alamar tarawa zuwa wayar da ke kai wuta bayan ƙwan fitila, inda ake son a ga ƙasa da bolt 0.5.

Gyaran kansa ƙarami ne. A cire kan batir mai alamar ragi, a kwance notin, a goge bakin wayar da ƙarfen da yake zama a kai da samfefa har su yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa giris a sama don kada danshi ya koma. Idan robar wayar ta kumbura, ko ka ga koren gari yana fitowa daga cikinta, ta ruɓe daga ciki, sai a sayi sabuwa mai kauri irin nata ko fiye. In mai wayarin ya nace a kan altaneta, ka roƙe shi ya auna a gabanka: inji yana aiki, fitilu da fanka a kunne, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4 a kan batir. Kada ka yarda ya cire kan batir inji yana aiki da sunan gwaji, domin wutar takan yi tsalle ta ƙona kwamfutar mota ko ita kanta altanetar da ake son a gwada.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Fitilun motata ba sa ɗaukewa, amma sun yi rauni ƙwarai, haskensu ja-ja, har ina tsoron tuƙin dare. Mai sayar da kaya ya nuna mini ƙwai mai wat 100 da kuma na LED. Wanne ya fi dacewa in ɗauka?

Amsa: Barka kadai, Malama. Ban ba ki shawarar ko ɗaya daga cikinsu a yanzu ba, kuma mai wat 100 ɗin ma ki manta da shi baki ɗaya. Ƙwan H4 da yawancin tsofaffin motoci ke amfani da shi wat 60 ne a doguwar wuta, 55 a gajeriya, kuma a kan wannan aka auna kaurin wayoyi da ƙarfin makunni. Mai wat 100 yana jan sama da amfiya 7 shi kaɗai, sai soket ya narke, makunni ya ƙone, sannan matsalar ɗaukewar wuta da ba ki da ita a da ta samu.

Jan haske yawanci alama ce ta ƙwan da ba ya samun cikakkiyar wuta. Ƙwan halojin, wato irin H4 ɗin nan, ba ya yafe ƙarancin wuta ko kaɗan: idan ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. A motoci da yawa na da, wutar fitila sai ta shiga cikin mota, ta ratsa makunni, sannan ta komo gaba, kuma kowace mahaɗa tana cin rabonta. Maganin da ya fi inganci shi ne a sa rile biyu, ɗaya na doguwar wuta, ɗaya na gajeriya, su ɗauko wuta kai tsaye daga batir ta sabuwar waya, tsohon makunnin kuma aikinsa ya koma ba su umarni kawai. Ana sayar da wannan a haɗe, kuma wajen zaɓa ki duba abu uku: rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40, fiyus a kusa da batir, da waya ta jan ƙarfe zalla. Akwai wayoyin alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma idan aka kankare silin da wuƙa sai farin ya bayyana. Ki kuma tuna wa mai wayarin cewa tsofaffin motocin Toyota da dama suna yanke wutar fitila ne ta ɓangaren komawa, don ya duba tsarin motarki kafin ya yanka ko waya ɗaya.

Shi kuwa LED yana da farin haske kuma ba ya jan wuta sosai, amma madubin da ke cikin gidan fitilarki an ƙera shi ne domin siririn zare mai haske a wani takamaiman wuri. Idan aka sa abin da haskensa ke fitowa daga wani gurbi daban, sai ya watsu, ya kashe wa masu zuwa ido, ke kuma ki ga gabanki fari fat amma nesa duhu. A Ingila ma, tun 2021 irin wannan sauyi yana kayar da mafi yawan motoci a gwajin lafiyarsu na shekara. Kafin komai dai, ki duba murfin fitilar. Idan na roba ne ya yi rawaya, a goge shi, in kuma madubin ciki ya dafe, sabon gidan fitila ne kaɗai zai yi. Wanda zai sa miki ƙwan kada ya taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Tambaya: Malam, fiyus ɗin ƙananan fitiluna mai amfiya 10 yana ƙonewa sau ɗaya ko biyu a wata. Wani abokina ya ce in sa mai 20 in huta.

Amsa: Kada ka bi wannan shawara, Malam, kuma kada ka yarda a naɗa masa silin waya. An sa fiyus ne domin ya ƙone kafin waya ta ƙone, kuma idan ka ninka ƙarfinsa, wayar da ke cikin dashbod ce za ta yi zafi a madadinsa. Ka ci gaba da jan fiyus ɗin nan mai 10, ka bar mai launin ruwan ɗorawa, wato mai 20, a inda masu ƙera mota suka sa shi. Fiyus mai ƙonewa jefi-jefi yana nufin akwai wayar da robarta ta goge, tana taɓa ƙarfe idan an motsa. A nemi wurin a inda wayoyi ke lanƙwasa ko ratsa ƙarfe: maƙallin murfin but, robar da ke tsakanin ƙofa da jiki, fitilar lamba da ruwa ke shiga, da duk inda wani ya taɓa jona rediyo ko ƙarin fitila ya naɗe da salatif. Ka riƙa lura da abin da ka yi daf da ƙonewarsa, ko rufe but ne ko wankin mota.

Tambaya: Ranka ya daɗe, jar alamar batir tana kyaftawa a dashbod tana ɓacewa, fitilu suna rawa idan mota tana tsaye, wata safiya kuma batir ya kwana babu wuta. An auna an ce lallai altaneta ce. In sayi sabuwa, ko ta hannu, ko a gyara tawa?

Amsa: Tare da naka, Malam. A naka yanayin zargin yana da tushe, amma a fara da fambel, domin idan ya saki ko ya yi santsi yana haifar da kyaftawar nan, galibi tare da ƙara idan an tada inji. Idan lafiyarsa lau, abin da ya fi yawan kawo caji mai zuwa yana tafiya shi ne gawayin cikin altaneta da ya cinye, ya daina danna inda yake gogawa. A altanetoci da yawa, musamman na Bosch, gawayin da regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji, a haɗe suke, noti biyu ne ke riƙe da su, kuma canza su bai kai ko kusa da kuɗin sabuwa ba.

Kwanan batir babu wuta ne ya sa nake so a ƙara bincike, domin yana iya zama diyod ɗin cikin altaneta, wanda ke hana wuta komawa baya, ya lalace, yana barin wuta tana sulalewa daga batir cikin dare, kuma shi ma yana sa fitilu rawa. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a auna abin da motar ke ja tana kwance, wanda bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Idan ya yi yawa, kuma ya faɗi da aka cire kakkaurar wayar bayan altaneta, to diyod ne. A cire kan batir kafin a kwance wannan waya, domin kullum akwai wuta a cikinta.

A ganina, gyaran ta asali a hannun wanda ya iya ya fi sayen sabuwa marar suna, wadda sau da yawa ba ta ba da amfiyar da aka rubuta a jikinta. Ta hannu kuwa shekarunta na iya kai na taka, don haka kada ka biya sai an gwada ta da fitilu a kunne a gabanka, an kuma yarda za ka iya mayarwa. Idan aka buɗe taka aka tarar naɗin wayar ciki ya yi baƙi yana warin ƙuna, sai a haƙura da gyara, a nemi wadda lambarta da soket ɗinta da amfiyarta suka yi daidai da tsohuwar. Bayan an ɗaura, a yi wa batirin cikakken caji, a bar shi ya huta 'yan sa'o'i, a auna: lafiyayye zai tsaya a wajen bolt 12.6, wanda kuma ya sauko ƙasa da 12.4 washegari alhali an cire masa waya, shi ma ya kusa canji.